Ruwan da Ya Riƙa Komowa Ɗakinmu

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma ne, ranar wata Talata a farkon damina. Na san lokacin daidai saboda wayar Umma tana gabana, ina duba agogonta ina gwada amsa tsofaffin tambayoyin jarrabawar fita sakandare. Ruwan sama bai daɗe da saukowa ba. Sai na ji ramin wanke-wanke na tsakar gida ya yi wata ƙara kamar gyatsa, ya sake yi, sannan ya yi shiru. Na ɗaga labule na leƙa. Ramin da kullum yake shanye ruwa, ran nan shi ne yake amayo shi.

Ruwan baƙi ne, da kumfa a samansa, da warin da ba sai an gaya wa mutum daga inda ya fito ba. Ya malale tsakar gida, ya nufo ɗakinmu kai tsaye, domin namu ne na ƙarshe, inda ƙasa ta gangara. Umma tana durƙushe a ƙarƙashin rumfa, ta gama wanke kayan cikin da za ta ɗora na yamma, robobi uku a jere a ƙasa. Ta ɗauke ɗaya. Kafin ta juyo, sauran biyun sun tashi suna yawo, ɗaya ta kife. Na ga hanji yana warwarewa a cikin wannan ƙazanta, fari tas, wanda ta ɓata wuni tana gogewa da gishiri.

Gidan haya ne a wani lungu bayan Head Bridge, a Onitsha, kuma a cikinsa aka haife ni. Mai gidan wata dattijuwar Ibo ce da mijinta ya rasu, tana zaune a sama, kowa yana ce mata Madam. Mu kaɗai ne Hausawa a gidan. Baba mahauci ne, kullum da safe yana aiko da tumbi da hanji da huhu daga mayanka, Umma ta wanke ta yi farfesu, 'yan okada, wato 'yan acaɓa, da masu dako na Kasuwar Relief su zo da kwanukansu su saya. Da wannan tukunya aka saya min kowane littafi da na mallaka.

Madam ta sauko rabin matakala da lema a hannu. Ta dubi ruwan, ta dubi hanjin.

"Na una meat!" ta ce da ƙarfi. Ta maimaita da Ibo don sauran masu haya su ji: namanmu ne ya toshe bututu, kitse ne, dattin tumbi ne. Idan aka sake, ko dai a daina wanke nama a gidanta, ko mu nemi wani wuri.

Umma ba ta ɗaga kai ba. Ni kuwa ina bayan labule, ƙafafuna cikin ruwa. Na san yadda Umma take aikinta. Dattin tumbi a bokiti mai murfi take zazzage shi, a kai shi juji. Ruwan wanki na farko da na biyu sai ta tace su da rariya da tsohon buhu. Kitse ta kwashe ta tara a gwangwani. Ita ce ma ta ɗaura ragar waya a bakin ramin, ita ke cire gashin kitson matan gidan da ƙashin kifinsu daga kanta kowace safiya, ba ta taɓa cewa uffan ba. Tun kafin a yaye ni take wannan wanki a wurin nan, rami bai taɓa yin gardama ba. Amma hanjinmu ne aka gani yana yawo, don haka mu ne.

Kwana biyu muka yi muna wanke ɗaki. Tabarmi, sallaya, ƙafafun gado, duk abin da najasa ta taɓa. Naman kuwa duk aka zubar, har wanda ke robar da ta tsira, don Umma ta ce ba ta san ko ya fantsama ba, kuma ba za ta ba ɗan wani abin da ita ba za ta ci ba.

Ni ba mai magana ba ce. A aji ma idan na san amsa sai in rubuta ta a gefen takarda in bar wata ta faɗa. Amma idan abu bai zauna min a kai ba, ba na iya barinsa. Abin da ya tsaya min shi ne: idan bututunmu a toshe yake, me ya sa yake shan ruwa lafiya lau duk ranar da ba a yi ruwan sama ba?

A bakin ƙofar gida, cikin lungu, akwai wani rami mai kusurwa huɗu da murfin kankare, ana ce masa camba. A nan bututun gidanmu yake haɗuwa da babban bututun lungu, wanda ke kwaso ƙazantar gidajen da ke sama da mu ya gangara da ita lambatun bakin titi. Gefen murfin ya gutsure, hannu zai iya shiga. Sai in fito da silifas da buta, in tsuguna kamar ina wanke su, in haska fitilar waya ciki.

Ranar da babu ruwan sama, babban bututun yana shigowa ta hagu ya fita ta dama, ruwansa ko rabi bai kai ba. Namu yana shigowa ta gefe, ƙarami, yana zubowa a hankali ya bi sahu. Na jiƙa shunin wanki a bokiti na juye a raminmu, na fito da sauri. Shuɗin ruwa ya riga ni isa. Babu abin da ya tare shi.

Ranar da aka sake yin ruwan sama, na tsaya a wurin da leda a ka. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Bututun hagu ya cika bakinsa taf, ruwa yana fitowa da ƙarfi kamar an harbo shi. Na dama ba ya iya haɗiye duka. Abin da ya rage sai ya bugi bango, ya juya, ya riƙa kewaya cikin ramin yana hawa. Ruwan gidanmu ya zo bakin bututunsa ya tsaya cak, kamar ɗan okada da ke son shiga babban titi a Head Bridge lokacin da tireloli suka jeru. Ruwan ramin ya hau ya rufe bakin, sannan ya fara tura namu baya. Iskar da ke cikin bututun ita ce ke fara fita ta tsakar gida, ita ce gyatsar da na ji. Ran nan ruwan saman bai daɗe ba, ya tsaya kafin ya kai mana ɗaki.

Dalilin ma ba ɓoyayye ba ne. A saman lungu an gama wani masaukin baƙi mai hawa uku a ranin da ya wuce. Kowa ya ga lokacin da suka tona suka haɗa bututunsu da na lungu, na banɗakuna da na ruwan rufi gaba ɗaya. Kowa ya tsallaka wannan tonon da ƙafarsa, har Madam.

Na sami Baba da azahar, ya dawo daga mayanka yana cin abinci. Na durƙusa na yi masa bayani a hankali, har na zana masa a ƙasa da tsinke. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka Uwata yake ce min.

"Uwata, na ji. Allah ya yi miki albarka," ya ce. "Amma na riga na kai maganar gaban Alhaji. Abin da manya suka yanke shi za a yi."

Alhaji shi ne shugaban mahauta, shi ya karɓi Baba ranar da ya sauka garin nan da jaka ɗaya. Ya zo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, da dattawa biyu, aka shimfiɗa musu tabarma a ƙofar ɗakinmu. Na kawo ruwa, na durƙusa na gaishe su, suka tambayi karatu, na ce alhamdu lillahi. Ina jin Alhaji yana cewa bututun ne ya yi ƙanƙanta, a cire shi a sa babba, a zurfafa shi, kitse ya samu hanya.

"Mu a garin mutane muke," ya ce. "Idan mai gida ta ce kai ne, ba gardama ake yi ba. Gyara ake yi wanda ido zai gani."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Alhaji, ba daga namu ba ne. Daga waje yake shigowa."

Muryata ko ni da ƙyar na ji ta.

"Me ta ce?"

"Karatu ne, Alhaji," in ji Baba, yana murmushin kunya. "Kwanan nan kullum tana bakin camba."

"A'a! Ashe injiniya gare mu a gida muke ta wahala? To Injiniya, a ƙaro mana ruwan, mai sanyi."

Suka yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro idan ya sa takalmin babansa. Da ta mugunta ce da ta fi min sauƙi. Na tashi na ƙaro ruwan. Daga ranar sunan ya bi ni har bakin titi.

Aka sa aikin ranar Lahadi da safe, lokacin da mutanen gidan suke coci, don kada a dame su. Samari masu dako suka zo gayya da diga da shebur, Umma ta dafa musu shinkafa da wake. Aiki suke da gaske, suna tsokanar juna.

"Kai Bazazzage, tono kake ko sosa wa ƙasa baya?"

"Bar ni da Bakano, tun ɗazu yake auna rami da ido, jira yake a ce na sayarwa ne."

Suka ciro tsohon bututun. Na matsa na leƙa cikinsa. Babu kitse, babu komai, sai ɗan gansakuka. Wani ya ɗaga shi ya hango rana ta ciki, ya ce, "To ina toshewar?" Alhaji ya ce ai ta wuce gaba, a ci gaba da aiki. Suka kwantar da sabon, fari, mai faɗi, suka sauke bakinsa ƙasa sosai a cikin camba.

"Wannan ko kan saniya aka jefa zai wuce," in ji ɗaya, yana shafa shi.

Ina tsaye da tulin kwanuka a hannu ina kallon mutanen kirki suna zufa a banza, suna faɗaɗa wa ƙazantar wasu hanyar shigowa ɗakinmu. Ƙanƙantar tsohon bututun ita ce kaɗai take rage mata gudu. Na san haka tun a ranar, na kuma faɗa wa Umma a madafa. Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana.

"Ke 'yar nan, ki rufa min asiri," ta ce. "Mutane sun bar hutunsu sun zo taimakonmu. So kike in fita in ce musu me?"

Da Madam ta dawo daga coci, Alhaji ya tare ta da fara'a ya nuna mata aikin. Ta duba, ta gyaɗa kai, ta haye sama.

Ruwan da ya biyo baya ko gyatsar bai yi ba. Tsakar gida ta cika kafin Umma ta gama kwashe shanya. Ya kai mana ƙwauri a ɗaki, ya jiƙa katifa, ya shiga buhun shinkafa. Wannan karon bai tsaya kanmu ba, ya shiga ɗakin tela da ke kusa da mu ya ɓata masa yadin mutane, ya shiga na wata ma'aikaciyar jinya. Suka fito suna ihu, kuma ba bututu suke yi wa ihun ba. Telan da nake kai wa farfesu kyauta idan matarsa ta yi tafiya, shi ne ya nuna Umma da almakashi yana cewa "aboki", wato mu Hausawa, sun mai da gida mayanka.

Madam ba ta sauko ba ma. Daga kan baranda ta ce daga yau kada ta ƙara ganin nama a gidanta.

Umma ta daina. Aka kife robobi a bayan ƙofa, aka rataye rariya. Duk da haka da asuba take tashi, ta yi salla, ta zauna bakin gado hannuwanta a cinya har gari ya waye. Masu dako suna zuwa da kwanuka su tsaya daga waje.

"Hajiya, yau ma babu?"

"Babu, ɗana. Sai an kwana biyu."

Bayan ɗan lokaci suka daina zuwa, sun sami wata a can wajen gareji. Tsagar da gishiri ya yi wa yatsun Umma ta warke, ta riƙa kallonsu kamar na wata. Maganar makarantar gaba da ake yi min a da, aka daina ɗauko ta. Ba wanda ya ce an fasa, an dai daina.

Makonni suka wuce ko ƙashi bai shigo gidan ba. Sai aka yi ruwa mai ƙarfi wata Alhamis da hantsi, kuma ƙazantar ta taso daidai yadda ta saba, ta shigo ɗakinmu, ta shiga na tela.

Wallahi na yi murna. Ina kwasar ruwa da faranti ina murna, don na ɗauka magana ta ƙare. Babu nama, ga ruwa. Na jira wani ya buɗe baki. Tela ya ce tsohon kitse ne da ya daskare a ciki, zai yi shekara yana fita. Alhaji ya aiko a ce mana a ƙara haƙuri. Baba ya sayo bulo da siminti ya ɗaga dokin ƙofa, muka riƙa tsallakawa kamar masu shiga rijiya. Na tambaye shi, yanzu kuma laifin wa? Ya ce, "Uwata, ki bar wa Allah." Na tambayi ma'aikaciyar jinyar, ta ce ita ba ta son shiga maganar mutane. Mutum goma sha wani abu a gida ɗaya, kowa da ido, kowa yana taka wannan ruwa, kuma an gwammace uwata ta zauna hannu a cinya da a ɗaga murfin kankare a duba.

Ranar Asabar hadari ya haɗu tun da safe. Na tara ɓawon jar albasa cike da leda. Da ruwa ya kankama, na sa hijabi na fita. Tela yana zaune da keken ɗinkinsa a ƙarƙashin rumfar ƙofar gida.

"Injiniya, wetin you dey cook?" ya ce, wai me nake dafawa.

Ban kula shi ba. Na tsuguna a gabansa, na tura ɓawon ta gutsurarren murfin camba, duka, yana kallo. Na koma ciki na tsaya kan ramin tsakar gida. Ban daɗe ba suka fara ɓullowa, ja, ɗaya bayan ɗaya, suna juyi a kan baƙin ruwa. Abin da na zuba a waje ya shigo gida ta bututun da aka ce mu muke toshewa. Na waiga. Tela yana tsaye a bayana, ya gani sarai. Ya koma kan kekensa ya sunkuyar da kai yana neman zare.

Na tsame ɓawon a kwano. Ban taɓa hawa benen Madam ba tun da aka haife ni. Na hau, hijabina yana ɗiga. Umma ta kira ni sau ɗaya daga ƙasa, "Ke!" Ban juya ba.

Madam tana zaune a baranda da tire a cinya tana ɓarar agushi. Na gaishe ta da Ibo, wanda na koya a makaranta kuma ban taɓa yi a gaban iyayena ba. Na ajiye kwanon a gabanta. Duk bayanin da na shirya, na hagu da na dama da yadda ruwa ke juyawa, ya watse. Na faɗi abin da na iya: a waje na zuba, a ciki na kwashe, mako nawa ba mu wanke komai ba.

"Mama, kin san ba namanmu ba ne?"

Ta dubi kwanon, ta ture shi gefe da ƙafa don kada ya ɗiga mata a tire.

"Zauna."

Ban zauna ba.

"Na sani tun washegarin ranar farko," ta ce. "Kina tsammani ke kaɗai ce mai ido a lungun nan? Ran nan na ga hanji yana yawo, na faɗi abin da ya zo bakina. Washegari ina zaune a nan ina tunanin yadda zan tunkari mai masaukin can, mutumin da ke da lauya, ni kuwa ba ni da ko miji. Sai ga babanki. Tun daga ƙasan bene ya cire takalmi. Ya durƙusa nan inda kike tsaye, ya ce laifinsu ne, in yafe musu. Tun da nake ba da haya, idan ruwa ya shiga ɗakin mutum, da zagi yake hawowa. Ban taɓa ganin wanda ya hawo ba ni haƙuri ba. Me kike so in ce masa? Na karɓa."

Ban san Baba ya hau ba. Na tsaya ina jin ruwa yana dukan kwanon rufi. Sai na ce, "To Umma ta koma wankinta?"

Ta ɗauki ƙwayar agushi ta fasa da farce.

"Idan na ce ba nama ba ne, gobe duk masu haya za su tsaya a nan su tambaye ni to mene ne. Ni kuma ba ni da ƙarfin mutumin can. Ki gaya wa mamanki ta jira rani."